Sauri a simuleta daban, sauri a bod daban: auna zanen LVGL tun daga kwamfuta

Duk wanda yake rubuta fuskar ƙaramar na'ura, irin ta injin POS ko inbatar sola ko mitar wuta, ya san gajiyar loda manhaja a guntu duk lokacin da aka matsar da maɓalli da fiksel biyar. A harhaɗa, a tura ta USB, a jira, a duba, a sake. Shi ya sa kusan kowace laburaren zane ta ƙananan na'urori take zuwa da hanyar gudanar da ita a kwamfuta, wato simuleta. TouchGFX na kamfanin ST yana da simuletansa, emWin na SEGGER yana da nasa a Windows, LVGL kuma yana hawa kan SDL2, laburaren buɗe taga a kwamfuta, a Linux da Windows da macOS. Lambar C da za ta je guntu ita ce dai take gudana. Abin da ya sauya shi ne inda fiksel suke sauka, wato taga a kwamfuta maimakon allon gilashi mai inci 2.8.

Wajen daidaita tsarin shafi da farautar kurakurai, simuleta ba shi da na biyu. Wajen sauri kuwa, idan aka bar shi yadda ya zo, abin da yake nunawa ba ya da alaƙa da abin da bod, wato ainihin na'urar da guntun yake kai, zai yi. Ana iya gyara shi har ya fara faɗin wani abu mai amfani, amma sai an daina kallon adadin firem a sakan, an koma ƙirga abubuwan da ba sa sauyawa tsakanin kwamfuta da guntu. Zan tsaya a kan LVGL siga ta 9, wadda ta fito a farkon 2024, da allon ILI9341 mai fiksel 320 × 240 a kan guntun ESP32, domin wannan haɗin ne ya fi yawa a hannun masu koyo da masu ƙananan ayyuka.

Tayar da simuletan ba ya cin lokaci. A Ubuntu ko Debian ana buƙatar `build-essential` da `cmake` da `libsdl2-dev`. A cikin `lv_conf.h` a mayar da `LV_USE_SDL` zuwa 1. A `main` a kira `lv_init()`, sai `lv_sdl_window_create(320, 240)`, sai `lv_sdl_mouse_create()`, sannan a shiga madauki ana kiran `lv_timer_handler()` tare da ɗan barci na milisakan 5 a tsakani. Wanda ba ya son haɗawa da hannu ya ɗauko `lv_port_pc_vscode` daga GitHub, komai yana ciki.

Lambar da ke kusurwar allo

Idan ka kunna `LV_USE_SYSMON` da `LV_USE_PERF_MONITOR`, wani ɗan akwati zai fito a kusurwa yana nuna firem nawa ake zanawa a sakan. A kwamfuta za ka ga wajen 30, ko shafin fanko ne ko cike yake da inuwa da motsi. Dalilin shi ne `LV_DEF_REFR_PERIOD`, wanda yake zuwa a kan milisakan 33. LVGL ba ya sake zane kafin wannan wa'adin ya cika, saboda haka 30 ɗin rufin ɗaki ne kawai. Kwamfutar ta gama aikin tun da wuri ta zauna tana jira. A guntu aikin yana iya cin milisakan 80, sai ka ga 12.

Wasu kan ce a raba da agogo: kwamfuta tana gudu a gigahaz 3, ESP32 a megahaz 240, bambanci ninki 12.5, to a ninka lokacin zane da 12.5. Wannan lissafin ba ya tsayawa. Firosesan kwamfuta yana zartar da umarni da yawa a bugun agogo guda, yana da umarnin SSE da AVX masu cike fiksel da yawa lokaci ɗaya, kuma hoton allon gaba ɗaya, bayit 153,600, yana zama daram a cikin kash ɗinsa, wato ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sauri da ke cikin firosesan. ESP32 yana karanto lambarsa da hotunansa daga filash na waje ta SPI, wato hanyar tura bayanai ta 'yan wayoyi, ta cikin kash mai kilobayit 32 ga kowace cibiya. Duk lokacin da abin da ake nema ba ya cikin kash, sai a tsaya jira. Tazarar ta fi ninki 12.5 nesa ba kusa ba, kuma ba iri ɗaya ba ce: ta cike murabba'i da launi guda daban, ta zana harafi daban, ta juya hoto daban.

Wayar da ke tsakanin guntu da allo

Kafin a yi maganar firosesa ma, akwai iyaka wadda ake iya lissafawa a takarda, kuma simuleta bai san da ita ba sam. Allon 320 × 240 yana da fiksel 76,800. A tsarin RGB565 kowane fiksel bit 16 ne, jimilla bit 1,228,800. SPI yana tura bit ɗaya a kowane bugun agogo. A megahaz 40, tura allo guda yana cin milisakan 30.7, wato ko da zanen kansa kyauta ne ba za ka wuce firem 32 a sakan ba. A megahaz 80 lokacin ya koma 15.4, amma ESP32 yana kai wannan gudun ne kawai idan aka yi amfani da ainihin fil ɗin da aka keɓe wa SPI ɗin, wato na IOMUX. Idan aka bi ta matiris na GPIO, wanda yake ba da damar zaɓar wasu fil, 40 ce iyaka. Takardar bayanan ILI9341 kuwa ta ba da nanosakan 100 ga kowane bugun rubutu, wato megahaz 10. Mutane suna tura shi a 40 kuma galibi yana karɓa, amma da gajerun wayoyi. Da dogayen wayoyin gwaji sai ka fara ganin ɗigo-ɗigon launi ko allo ya yi fari fat, ka sauko 20 dole, allo guda ya koma milisakan 61.

Wanda ya ce bari ya ƙara girman allo ya sayi ILI9488 mai 480 × 320 zai gamu da abin da ya fi haka. Wannan guntun ba ya karɓar RGB565 ta SPI, sai bit 18 a cikin bayit uku. Fiksel 153,600 sau uku, bayit 460,800, a megahaz 40 milisakan 92 ke nan. Firem 10 da ɗan ɗoriya. A kwamfuta ka sauya lambobi biyu a `lv_sdl_window_create`, komai ya ci gaba da sulɓi, ba abin da zai gargaɗe ka.

Saboda haka abu na farko shi ne a saka wa simuletan wannan wayar da gangan. Buɗe `lv_sdl_window.c`, nemo `flush_cb`, aikin da ke tura fiksel zuwa allo, ka ƙara wannan kafin a kira `lv_display_flush_ready`:

```
uint32_t px = lv_area_get_size(area);
jimillar_px += px;
jira_us(px * 16 / 40);
```

Kowane fiksel yana cin maikrosakan 0.4 a megahaz 40. `jira_us` ya zama madauki mai duba agogo da `clock_gettime` har lokaci ya cika, domin `usleep` yakan zarce abin da aka nema, kuma a kan ƙananan yankuna zarcewar takan fi jiran kansa tsawo. Wannan yana kwaikwayon SPI marar DMA, wato marar sashen da ke tura bayanai da kansa, inda firosesa yake tsaye har a gama turawa. Idan a bod kana da DMA da bafa biyu, wato wuraren RAM da ake zana fiksel kafin a tura su, ana zana ɗaya yayin da ake tura ɗaya, to lokacin firem zai kusanci wanda ya fi tsawo a cikin biyun, zane ko turawa, maimakon jimillarsu. Ko a hakan ma, 30.7 ɗin tana nan a matsayin ƙasa. Akwai kuma ɗan ƙari a kan kowane yanki: umarnin 0x2A da 0x2B na saita ginshiƙi da layi, da 0x2C na fara rubutu. Ga yanki babba ba komai ba ne, ga yankuna ƙanana masu yawa yana taruwa.

Da zarar an saka wannan jiran, sauya shafi ta hanyar zamewa, wanda yake taɓa kowane fiksel a kowane firem, zai nuna ainihin fuskarsa. Sau da yawa a nan ake yanke shawarar cire shi, shafi ya riƙa sauyawa kai tsaye.

A mayar da simuletan kamar bod

Saitin da ayyukan simuleta suke zuwa da shi na jin daɗi ne. Launi bit 32, bafa mai girman allo duka, ƙwaƙwalwa a wadace. Kowanne yana ɓoye wata matsala.

`LV_COLOR_DEPTH` ya koma 16. RGB565 yana da mataki 32 na ja, 64 na kore, 32 na shuɗi. Bango mai rikiɗa daga shuɗi mai duhu zuwa baƙi, wanda yake santsi a bit 32, zai fito da ratsi-ratsi ƙarara, domin matakan shuɗin da ke tsakanin launukan biyu ba su fi goma ko sha biyu ba, an shimfiɗa su a kan layi 240. Gara mai zanen fuska ya ga wannan a kwamfuta tun kafin ya kamu da son bangon.

`LV_SDL_RENDER_MODE` ya koma `LV_DISPLAY_RENDER_MODE_PARTIAL`, sannan bayan ƙirƙirar taga ka kira `lv_display_set_buffers` da bafa mai girman wanda za ka iya bayarwa a guntu. Shawarar LVGL ita ce kashi ɗaya bisa goma na allo: layi 24, fiksel 7,680, bayit 15,360. Ma'anar haka, zana allo cikakke zagaye goma ne. A kowane zagaye LVGL yana bin bishiyar abubuwan da ke shafin, yana duba wanda ya faɗo cikin wannan yankin, yana karanto salonsa, yana zana rabonsa. Abu dogo kamar da'irar gejin batir mai tsawon fiksel 200 za a shirya zanensa sau tara ko goma a firem guda. Ƙaramin bafa yana ceton RAM, yana kuma ƙara wannan maimaicin. Idan ka rage shi zuwa layi 10, zagaye 24 ke nan. Akwai kurakuran da ba sa fitowa sai a wannan yanayin, musamman a zanen da mutum ya rubuta da kansa yana zaton bafan ya fara daga kusurwar allo.

Sai ƙwaƙwalwa. `LV_USE_STDLIB_MALLOC` ya tsaya a `LV_STDLIB_BUILTIN`, kuma `LV_MEM_SIZE` ya zama daidai da na bod. Idan aka bar shi a kan `malloc` na kwamfuta, shafin da yake ƙirƙirar abubuwa bai share su ba zai yi kwanaki yana yoyo ba ka sani ba, alhali a guntu mai kilobayit 64 zai mutu bayan an shiga an fita sau kaɗan. Akwai tarko a nan: a kwamfuta mai bit 64 kowane manuni, wato adireshin ƙwaƙwalwa, bayit 8 ne, a ESP32 da Cortex-M bayit 4 ne, kuma abubuwan LVGL cike suke da manunai. Saboda haka simuleta zai nuna cin ƙwaƙwalwa fiye da na gaskiya. Maganin shi ne a harhaɗa da `-m32`, bayan an saka `gcc-multilib` da `libsdl2-dev:i386`. Daga nan abin da `lv_mem_monitor` ya bayar zai kusanci na bod ƙwarai. Ka kula da girman yanki mafi girma da ya rage, domin kilobayit 20 da ya wargaje gunduwa-gunduwa ba zai ba ka bayit 8,000 a jere ba.

Ƙirga fiksel

Adadin fiksel da aka tura a kowane firem iri ɗaya ne a kwamfuta da a guntu, muddin lamba ɗaya ce kuma saiti ɗaya ne. Wannan ne ma'aunin da ya fi kowane amfani, kuma `jimillar_px` na sama yana ba ka shi. Ka buga shi kowane sakan. Shafin da ba abin da yake motsi a cikinsa ya kamata ya ba da sifili. Idan ya ba da dubban ɗaruruwa, wani abu yana ɓata allo a banza.

`LV_USE_REFR_DEBUG` yana nuna maka ko wane ne: yana shafa launi na daban a kan duk yankin da aka sake zanawa, sai ka ga wurin yana walƙiya. Mai laifin da aka fi kamawa shi ne `lv_label_set_text`. Yana sa a sake zana rubutun ko da sabon rubutun daidai yake da tsohon. Ɗauki fuskar inbata mai nuna ƙarfin batir da na sola da na lodi da zafi, ana sabunta su kowane milisakan 100. Batir yana iya zama a 26.4 na tsawon minti biyar, amma ana sake zana shi sau goma a sakan. Gyaran layi biyu ne: a kwatanta da `strcmp` da abin da `lv_label_get_text` ya dawo da shi, ko a ajiye tsohuwar lambar a kwatanta, sai an ga bambanci a rubuta. Haka ma rubutun da faɗinsa yake bin abin da ke ciki, idan yana cikin tsarin flex: 9.9 ya koma 10.0, faɗi ya ƙaru, maƙwabtansa duk sun matsa, an sake zana layin gaba ɗaya. A ba shi tsayayyen faɗi.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. LVGL yana ajiye yankunan da ke jiran zane a jeri mai gurbi 32, wato `LV_INV_BUF_SIZE`. Idan suka wuce haka kafin zagayen zane ya zo, sai ya watsar da jerin ya ce a zana allo duka. Tebur mai ƙananan lambobi 40 da ake sabuntawa lokaci guda zai ja fiksel 76,800, ko da jimillar lambobin ba ta kai 10,000 ba. A kwamfuta ba za ka ji komai ba, amma ma'aunin fiksel zai yi tsalle ka gani. A raba sabuntawar gida biyu a firem biyu, shi ke nan.

Abubuwan da ke da tsada ga firosesa

Fiksel ɗin da aka tura ɗaya ne, aikin da aka yi kafin a same shi kuma daban. Cike yanki da launi guda rubutu ne zalla. Abu mai shara-shara kuwa sai an karanto fiksel ɗin da ke ƙasa, an warware shi ja da kore da shuɗi, an ninka, an haɗa, an mayar. Kusurwa mai lanƙwasa tana buƙatar lissafin gefen da'ira. Inuwa ta fi su duka, domin sai an lissafa dusashewar gefenta, kuma `LV_DRAW_SW_SHADOW_CACHE_SIZE` yana zuwa a kan sifili, ma'ana a sake lissafi kowane karo. Salon LVGL na asali yana saka wa maɓallai inuwa da ɗan motsi idan an danna, kuma mutane da yawa ba su lura ba sai sun ga bod yana jan ƙafa.

Mafi haɗari shi ne juya abu ko zuƙo shi da `transform_rotation` ko `transform_scale`. LVGL yana zana abun da 'ya'yansa duka a wani bafa na wucin gadi, sannan ya juya bafan. Wannan bafan ba ya rarrabuwa, sai an samu wurinsa dunƙule, kuma idan da shara-shara a ciki bayit huɗu ne kowane fiksel. Kati mai 200 × 150 zai nemi bayit 120,000. A kwamfuta an ba shi nan take. A guntu ba a samu ba, sai abun ya ƙi fitowa ko manhajar ta tsaya cak. Idan ka taƙaita `LV_MEM_SIZE` kamar yadda aka faɗa, simuletan ma zai gaza a daidai wurin.

Don kwatanta tsadar zane biyu, kada ka dogara da agogon kwamfuta. Yi amfani da `valgrind --tool=callgrind`, wanda yake ƙirga umarnin da aka zartar, ka buɗe sakamakon da KCachegrind. Harhaɗa da `-m32 -O2 -g -fno-tree-vectorize` don kada kwamfaila ta mayar da madaukan fiksel zuwa umarnin SSE da guntu ba shi da su. Lambar da za ta fito ba lokaci ba ce, amma idan shafi mai inuwa ya ci umarni ninki huɗu na marar inuwa, to ka san inda za ka fara yanka. Wuri guda da wannan hanyar take yaudara shi ne lissafin `double`. A kwamfuta umarni ɗaya ne. ESP32 da Cortex-M4F suna da sashen lissafin `float` kaɗai, `double` kuwa manhaja ce take yin sa a hankali. Rubuta `sin(x)` maimakon `sinf(x)`, ko `0.5` maimakon `0.5f`, a cikin madaukin zana jadawali ya isa ya cinye firem. Tutar `-Wdouble-promotion` tana tona da yawa daga cikinsu tun a kwamfuta.

Tunda ana nan, a riƙa gudanar da simuletan da `-fsanitize=address`, mai kama kurakuran ƙwaƙwalwa, lokaci zuwa lokaci, tare da mayar da `malloc` zuwa `LV_STDLIB_CLIB` na ɗan lokacin, domin ya iya ganin kowane rabo. Taɓa abu bayan an share shi, wanda a guntu yake fitowa a matsayin sake kunnuwa ba dalili bayan awa uku, a nan layinsa za a nuna maka.

Hotuna da haruffa

A kwamfuta, PNG daga faifai yana buɗewa kafin ƙiftawar ido. A guntu sai an warware shi cikin RAM tukuna, kuma hoton 320 × 240 a ARGB8888 bayit 307,200 ne. ESP32 yana da kilobayit 520 na SRAM a takarda, amma a rarrabe yake, kuma Wi-Fi da tsarin aiki sun ci rabonsu. A mayar da hotuna jerin C a RGB565 tun a kwamfuta, ko RGB565A8 ga masu shara-shara, su zauna a filash. Simuletan ma ya yi amfani da waɗannan jerin, a kashe `LV_USE_FS_STDIO` idan bod ba shi da katin SD, don kada wani ya jingina da fayil ɗin da ba zai wanzu ba.

Haruffan Montserrat da LVGL yake zuwa da su na ASCII ne da 'yan alamomi. Babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu alamar ₦. Fuskar da aka rubuta da Hausa za ta nuna ɗan akwati a gurbin kowannensu. A simuleta hanya mafi sauƙi ita ce kunna FreeType a ɗauko TTF daga kwamfuta, amma wannan yana ɗage matsalar ne zuwa ranar loda wa bod. A yi abin da za a yi a ƙarshe tun farko: `lv_font_conv` da font ɗin da yake da haruffan, kamar Noto Sans ko DejaVu Sans, da kewayon 0x20-0x7F, a ƙara 0x253 da 0x257 da 0x199 da 0x1B4 na ƙanana, 0x181 da 0x18A da 0x198 da 0x1B3 na manya, da 0x20A6 na naira. `--bpp 4` yana ba da gefe mai laushi, `--bpp 2` yana rage girman kusan rabi kuma a kan ƙaramin allo da wuya a ga bambanci. Matse font yana ceton filash amma yana rage saurin zane, don haka manyan lambobin da ke sauyawa kullum a bar su da `--no-compress`, kuma a saka musu 0 zuwa 9 da ɗigo kawai.

Abin da taga ba za ta taɓa nunawa ba

Guntu yana ajiye ƙaramin bayit na fiksel a gaba, allon SPI yana jiran babban a gaba. Idan ba a musanya su ba, launuka suna fitowa a hargitse, gefen rubutu ya yi kore da shunayya. A siga ta 8 `LV_COLOR_16_SWAP` ne yake gyarawa, a ta 9 ana kiran `lv_draw_sw_rgb565_swap` a cikin `flush_cb`, kuma wannan bin kowane fiksel ne sau ɗaya a ƙari, wanda ma'aunin simuleta bai ƙirga ba. Idan ja da shuɗi ne kawai suka yi musanya, wannan bit ɗin BGR ne a rajistar 0x36.

Yagewar hoto ma haka. ILI9341 yana karanta ƙwaƙwalwarsa yana sabunta gilashi wajen sau 70 a sakan, kai kuma kana rubutu a ciki na tsawon milisakan 30. Layin karatu zai tsallake layin rubutu, rabin allo sabon firem, rabi tsoho. Fil ɗin TE, wanda allo yake sanar da lokacin karatunsa ta cikinsa, shi ne yake ba da damar daidaitawa, kuma yawancin allunan arha ba su fito da shi waje ba.

Girma kuma yana ruɗi. Allon inci 2.8 mai 320 × 240 yana da fiksel 143 a inci. Monita mai inci 24 a 1920 × 1080 tana da 92. Maɓalli mai fiksel 40 milimita 11 ne a monita, 7 a bod, kuma maus yana sauka a kan fiksel guda yayin da yatsa yake rufe maɓallin gaba ɗaya, ga rawar da guntun taɓawa XPT2046 yake yi a karatunsa. Laftof mai inci 15.6 a 1920 × 1080 tana da 141, kusan daidai da bod, in dai ba a kunna zuƙowar tsarin aiki ba.

Masu aiki da Linux a kan bod mai GPU suna da irin tasu matsalar. Lambar OpenGL ES tana gudana a kwamfuta ta Mesa, amma GPU irin Mali da VideoCore suna zane tayil-tayil, saboda haka sauya wurin zane a tsakiyar firem ko kiran `glReadPixels` yana musu tsada fiye da katin kwamfuta. Mali-400, wanda yake cikin Allwinner H3, ba ya da `highp`, wato lissafi mai cikakken daidaito, a shedar fiksel, ƙaramar manhajar da ke lissafa launin kowane fiksel, katin kwamfuta kuwa galibi yana lissafa `mediump` da bit 32, sai shedar da take lafiya a can ta fito da tsani-tsani a bod. Wani lokacin ma akasin haka ake samu: simuleta a cikin injin kwaikwayo irin VirtualBox yana jan jiki, a ɗauka lambar ce. `glxinfo | grep renderer` zai faɗa; idan ka ga `llvmpipe`, firosesa ne yake zanen, babu GPU a ciki.

Awo na ƙarshe a kan bod

QEMU da Renode, masu kwaikwayon guntu a kwamfuta, suna gudanar da ainihin lambar ARM, suna da amfani wajen gwada direbobi, amma ba sa ƙirga bugun agogo yadda siliki yake yi, don haka ba za su ba ka lokacin firem ba. Wannan sai bod. A Cortex-M3 da M4 da M7 akwai `DWT->CYCCNT`, mai ƙirga kowane bugu. Bit 32 ne, a megahaz 180 na STM32F429 yana zagayowa sifili bayan kusan sakan 23.9, saboda haka a riƙa ɗebe tsohon daga sabon da lambobi marasa alama. A ESP32 `esp_timer_get_time()` yana ba da maikrosakan. Hanyar da ta fi bayyana komai ita ce fil biyu na GPIO da ɗan na'urar nazarin sigina mai tasha 8: ɗaya ya hau idan an shiga `lv_timer_handler` ya sauka idan an fita, ɗayan ya hau a farkon tura SPI ya sauka a katsewar ƙarshen DMA. Idan sigina biyun suna hawa kan juna, bafa biyun suna aiki. Idan suna bin juna ɗaya bayan ɗaya, wani wuri a `flush_cb` yana jiran DMA ya gama kafin ya dawo, kuma bafa na biyun RAM kawai yake ci. Gyaran shi ne `flush_cb` ya tayar da DMA ya fita nan take, a kira `lv_display_flush_ready` daga cikin katsewar.

Ka yi wannan awon a kan shafuka uku ko huɗu mafi nauyi, ka rubuta lokacin zanen kowanne kusa da adadin umarnin da callgrind ya ba shi. Daga nan kana da naka ma'aunin juyawa na wannan bod ɗin da wannan saitin kwamfaila, kuma sabon shafi ana iya kimanta shi daga kwamfuta. Idan aka sauya `-O2` zuwa `-Os`, ko aka mayar da bafa daga SRAM na ciki zuwa PSRAM na waje, ko aka sauya gudun filash daga megahaz 80 zuwa 40, a sake awon daga farko.